Masu Lambu a Bayan Liman

Ka ce mini kana jin nauyin zama cikin 'yan'uwanka samari da Alƙur'ani a hannu, don kada a ji inda karatunka ya tsaya, gara ka riƙa yi kai kaɗai a ɗaka. Na san wannan nauyin. A makarantar da na yi ta 'yan mishan, kowa kāre allonsa yake yi da hannu kada na kusa ya leƙa. To, gyara zama ka ji wani misali.

A wani ƙauye na bakin fadama an yi wani tsohon liman mahaddaci, wanda duk azumi shi ke jan mutane sallar asham har a sauke Alƙur'ani. Tsufa ya shiga haddarsa kamar yadda gara ke shiga azara, daga waje lafiya lau, ciki kuwa rami. Ran nan a sallar magariba ya ɗauko wata doguwar sura, ya kai tsakiyar aya, sai ta ɓace masa. Ya koma baya ya sake ɗaukowa, ya sake tsayawa a wurin. Ka san idan liman ya kakare, na bayansa ne ke ɗora masa. Masallaci cike, amma ba wanda ya ce uffan. Ba rowa suka yi masa ba, babu ce. Da aka sallame, tsohon ya juyo kansa a sunkuye, ya ce bana ba zai ja asham ba, mai son jin sauka ya tafi garin gaba.

Abin ya yi wa samarin ƙauyen ciwo. Dukansu masu lambu ne, kuma kowannensu ya taɓa zaman makarantar allo, ya bari da ya yi ƙarfin jan jigon ban ruwa. Sai kowa ya sauko da gafakarsa a ɓoye, ya kaɗe ƙura, ya ci gaba daga inda ya tsaya, ba ya son maƙwabci ya sani. Abin da ba su lura da shi ba shi ne, karatunmu daga ƙasa yake farawa, daga gajerun surori a hau sama. Saboda haka duk a wuri ɗaya suka taru, dogayen surorin da ke kuɓuce wa tsohon kuwa ba mai ko leƙa su.

Akwai wani mai albasa da wani mai rake da suka daina gaisawa tun bara, a kan wa zai fara ba lambunsa ruwa. Wata safiya mai rake yana jin mai albasa ta bayan shinge yana ta nanata aya ɗaya, har ya kasa haƙuri.

"Kai mai warin albasa, tun jiya kake taunar ayar nan kamar ganda. Ka tsallake kalma."

"To, gwani na gwanaye, kai kana ina?"

Mai rake ya ce, "Nan nake ni ma."

Suka kwashe da dariya har guga ya suɓuce. Mai albasa ya share ido ya ce, "Ashe duk fangali ɗaya muke ta ba ruwa, sauran lambun yana bushewa."

Suka tara sauran samarin a gindin wani giginya, suka raba karatun yadda ake raba gona ranar gayya, kowa ya ɗauki rabon da zai iya. Kullum bayan azahar, idan rana ta hana ban ruwa, sai su zauna, wannan ya karanta nasa, sauran su bi shi da ido a takarda suna gyara masa. Suka je suka ɗauko tsohon a kan jaki. Da farko ya ƙi, suka ce, "Baba, kai ka ja, mu muna baya." Shi ya riƙa gyara musu harshe yana faɗa musu ma'ana, don ma'anar ba ta gudu ba. A nan ne waɗanda dā suke salla don idon iyaye suka fara jin abin da suke faɗa wa Ubangijinsu. Ranar da aka kai labarin annabin da ya yafe wa 'yan'uwansa da suka jefa shi rijiya, mai rake ya tashi, ya je ya buɗe wa lambun mai albasa ruwa.

Azumi ya kama, tsohon ya shiga gaba. Kowace rana mai rabon ranar ne ke tsayawa daidai bayansa. In tsohon ya yi tuntuɓe, a ɗora masa, ya wuce. Har aka zo ayar nan da ta kunyata shi, ya sake tsayawa cik. Rabon mai albasa ne, amma tsoro ya kama shi, ya kasa ɗorawa. Sai aka ji muryar mai rake, wanda ya sha jin ayar a gindin giginya har ta zauna masa. Kafin ya kai ƙarshenta, sahun gaba ɗaya ya ɗauka. Tsohon ya karɓa, ya ci gaba, bai ƙara cewa a tafi garin gaba ba. Aka sauke Alƙur'ani a ƙauyen, mata suka yi ta guɗa daga cikin gidaje, mutanen garin gaba ma suka zo cin tuwon sadaka.

Tsohon bai ga wani azumin ba, Allah ya jiƙansa. Amma da watan ya kewayo ba a je neman liman ko'ina ba. Samarin suka riƙa shiga gaba bi da bi, kowa da mai ɗora masa a baya, alhali har lokacin babu ko ɗaya a cikinsu da ya haddace Littafin duka.

Don haka tashi ka ɗauki Alƙur'aninka ka je cikinsu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.