Kunnen da Kawu Ya Hura

Da mashin ya soke shi, sai ɗan tawayen ya kife a kan kunyar doya, ko ƙara bai yi ba.

Tsohon da ya jefa mashin ya tsaya yana haki. Tun da shanun Faransawa suka cinye gonakin mutanen bayan dutse, suka tattake musu kaburbura, ƙauyukan can suka ɗauki makami. Sarkin su tsohon kuwa ya bi Bature, ya ce kowa ya fito farautar 'yan tawaye.

"Kai, baba, ashe da sauranka!" in ji wani abokin tafiyarsa, yana dariya. "Sare kan mu kai wa kwamanda, kafin ƙudaje su riga mu."

Fuskar gawar baƙa ƙirin take da gawayin yaƙi. Tsohon ya zaro gatari, ya damƙi gashin, ya juya kan yana neman wuya. Nan ya ga kunnen hagu, da 'yar tsagarsa ta haihuwa.

Gatarin ya suɓuce masa.

Ya san kunnen nan. A wurin ƙabilarsu ta Kanak, jariri bai cika mutum ba sai kawunsa ya hura masa rai a kunne. Ranar da ƙanwarsa ta haihu a bayan dutse, shi ya tsallaka, shi ya hura.

"Baba, me kake jira ne?"

Bai ji ba. Ya durƙusa, ya kafa baki a kunnen ɗan ƙanwarsa, ya hura, ya sake hurawa, ya sake.