Layin da Baba Ya Ja

Babana aikin shimfiɗa marmara yake yi a Aƙiƙ, a ƙasar Saudiyya. Wata la'asar ya dawo da kalandar wani kamfanin Italiya, mai tsohon zanen gunkin teku na Rumawa, dattijo mai gemu riƙe da mashi. Na kwaikwaye shi a littafina, amma fuskar Baba na sa masa.

Ya daɗe yana kallo. "Uwata, ai wannan gemuna ne," ya ce da murmushi. Sannan ya ɗauki biro ya ja layi a wuyan, yadda malamanmu ke yi wa zanen abu mai rai. "Haram, ya binti, 'yata."

Ranar na ƙi cin abinci saboda haushi. Tun da ya rasu, in na buɗe littafin, ba fuskar nake shafawa ba, layin nake shafawa.