Kaska a Bayan Kunnena

A shekarar da fari ya koro makiyaya cikin Maraɗi, zamanin mulkin soja, Baba ya kawo wata ramammiyar saniya daga Tibiri ya ɗaure a tsakar gida. A gindinta nake yini ina wasa.

Wata rana da la'asar Inna tana yi mini kitso, sai na ji hannunta ya tsaya cak.

"Kar ki motsa, ɗiyata. Kaska ce bayan kunnenki, har ta kumbura."

Ba a daɗe da binne yaron maƙwabtanmu ba, zazzaɓi ya ɗauke shi, kuma an ce kaska aka ciro a hammatarsa.

Inna ta ɗauko matsefata, ta kama kan kaskar daf da fata, ta ja a hankali don kada bakin ya katse a ciki. Da ta jefa ta cikin garwashi sai ta fashe, ƙaurin jinina ya tashi.

"Inna, mutuwa zan yi?"

Ta wanke wurin da sabulu, ta dafa goshina, ta ƙwala wa Baba kira ya fitar da saniyar yanzu-yanzu.

Zazzaɓin bai zo ba. Amma sai da na haifi nawa na gane abin da ya hana ta amsa mini.