Labari na Bakwai

Balaraba ta tsaya gaban teburin littattafan Musbahu a kasuwar Roxy, motoci na ta hon a bayanta. Ta ajiye tarin gajerun labaran Hausa da ya ba ta bara, wanda har da nasa labarin a ciki.

"Musanya za a yi?" ya tambaya, bai ɗago ba. Ya turo mata littafin Faransanci irin wanda take so, na wata yarinya mai yaƙi da aljanun teku.

"Musbahu, ban iya karanta Hausa ba. Lakwal na yi, makarantar Faransanci, kunya ta hana ni gaya maka. Sai jiya ƙawata ta karanta min labari na bakwai, na mai sayar da littafi da ke neman auren Balaraba."

"Cewa kika yi ya yi daɗi," ya ce a hankali. "Wata goma ina jiran sauran maganar."

"To, ga ta yau. Na amince."

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya zaro ƙullin goro da alawa daga ƙarƙashin tebur.

"Ran Juma'a aka ɗaura min aure, a masallacin Treichville."

Ba ta taɓa goron ba. Ta ɗauke littafinta na labaran Hausa, ta rungume shi a ƙirji.

"Wannan ba na musanya ba ne."