Ranar da Iliya Ya Share Tunfafiya

Iliya ya jawo wani fayil daga jakar gudummawa, ya duba sunan mai shi, ya ga Tunfafiya, sai ya wurga shi gefe yana murmushin mugunta.

Aikin da aka damƙa masa ba na murmushi ba ne. Rumbun kod ne, wato rubutun da ke sarrafa na'ura, na kowa da kowa, wanda ke sa ƙananan na'urori su yi magana da juna ko da rezo, wato layin sadarwa, na jan ƙafa. Da shi famfunan sola na gonakin albasa, tun daga Galma har kwarin Keita, ke sanar da manomi ta waya cewa ruwan rijiya ya ja baya. Masu rubuta kod daga ko'ina kowa na jefo nasa taimakon, har jakar ta koma kamar kasuwar Madawa bayan an watse. Aka ce Iliya ya gyara ta. Duk abin da ba a san mai kula da shi ba a yi cigiya; in mai shi bai amsa da mabuɗin sa hannunsa ba kafin sabon bugu, a share.

Wannan doka ta yi wa Iliya daɗi, don akwai wanda ya daɗe yana jira a kwana.

Shekarun baya ya aika kod ɗinsa na farko, ƙungiyar manoman Galma kuwa na shirin ba shi aikin famfunanta. Sai wani mai laƙabin Tunfafiya ya amsa a bainar jama'a: “In rezo ya yanke da tsakar rana, famfo zai yi ta juyi a busasshiyar rijiya har ya ƙone. A ƙi shi.” Aka ƙi shi, aka karɓi na Tunfafiya. Aikin Galma ya sha ruwa, abokai suka laƙaba masa Ƙona-Famfo, sunan kuma ya bi shi har majalisar shayi.

Bai taɓa ganin fuskar mutumin ba, amma ya rantse Nazifi ne, ɗan Allakaye ta ƙasar Adar, wanda suka yi karatu tare a Yamai. Wane ne a Turai zai san rezon Adar na suma da zafin rana? Ya daina gaishe shi, ko sunan ɗansa bai je ba. Nazifi, bawan Allah, har yau bai san laifinsa ba.

Da damina tsawa ta kashe kwamfutar Iliya, sai ya ɗauki ta matarsa Zali, malamar lissafi a kwaleji, wadda ita ma a Yamai ya same ta. Ta miƙa masa ba da son ranta ba. Da ya buga cigiya, Tunfafiya ya yi tsit. Mako ya wuce, wani ya bi shi, shiru kake ji.

“Tsoro ya kama shi,” in ji Iliya, yana loma.

“Baban Cima, in ordinater tawa dai, ka ara mani ita ko yini guda,” in ji Zali. “Ina da bukata.”

“Sai na gama da shi.”

“Wai mi yay yi maka haka? Abin da yah hwaɗi, ƙarya na?”

Iliya ya ture kwano ya tashi. Abin da ya fi cin ransa ke nan: ba ƙarya ba ne.

Don kada famfunan mutane su tsaya, dole ya rubuta madadin duk abin da zai share. Ya duƙufa, ya rame, ya daina zuwa majalisa. Ya toshe ramin da aka yi masa gori a kai, ya toshe wasu biyu da shi kansa Tunfafiyan bai hango ba. Tunda yake bai taɓa rubuta abu mai kyan wannan ba, kuma ya sani. Ya ƙi tura shi gutsure-gutsure yadda aka saba. So yake duniya ta wayi gari lokaci guda ta ga an tuge Tunfafiya har saiwa, sunan Iliya na zaune a gurbinsa.

Ranar sabon bugu, bayan la'asar, ya haɗa sharar da sabon aikin a ƙunshi ɗaya, ya yi bisimilla ya tura. Ya miƙe ƙafa a tabarma, zuciyarsa fari tas, ya ce a dafa masa shayi. Zali na bakin ƙofa tana gyaran takardun ɗalibai, ba ta ɗago ba.

Saƙonni suka fara shigowa. Wani ya ce bai taɓa ganin kod mai tsabtar wannan ba. Wani ya ce ga dattako, mutum ya rushe tsohon aikinsa da hannunsa ya gina wanda ya fi shi. Shugaban rumbun ya rubuta: “Barka da dawowa, Tunfafiya.”

Iliya ya zabura, ya buɗe tarihin aikin. Kowane layi nasa ne, amma ko sau ɗaya sunansa bai fito ba. Ita kwamfuta ba ta san aro ba, sunan mai ita da mabuɗinsa take bugawa a kan duk abin da aka tura, sunan da Zali ta saka mata tun suna Yamai kuwa shi ne Tunfafiya.