Igiyar Mai Nutso

Ba a girgiza igiyar ba, amma tsohon da ke riƙe da ita a cikin jirgi ya fara ja.

Doka ce a jiragen lu'ulu'u na Baharain: in mai nutso yana ƙasan teku yana tsintar kawa, wato ƙwanson da ake samun lu'ulu'u a ciki, ba a janyo shi sai ya girgiza igiya da kansa.

"Haba Baba, sakar masa mana," in ji mai jirgin. "Yunwa tun da hantsi? Dabinonka ba zai gudu ba."

Aka kwashe da dariya. Shi dai tsohon ja kawai yake, igiyar tana yankar tafinsa.

Da saurayin da ya yi nutson ya ɓullo, kai a langaɓe, sai dariyar ta ɗauke. Aka kifa shi, aka yi ta danna bayansa har ya amayar da ruwa, ya yi tari.

Mai jirgin ya durƙusa. "Baba, duk ruwan nan muke kallo. Me ka gani?"

Tsohon ya ɗago fararen idanunsa, waɗanda gishiri ya cinye tun zamanin da yake nutso.

"Ni da gani, ɗana? Igiyar ce ta daina numfashi a hannuna."