Jami'ar Gindin Mangwaro

Lokacin da nake aji ɗaya a sakandare a Daura, malaminmu na lissafi mutumin Bengal ne, can ƙasar Indiya. Wata rana bayan la'asar na kai masa littattafan aji gida, sai ya miƙo mini wani tsohon hoto mai lanƙwasasshen gefe. Ɗalibai ne manya zaune a kan jar ƙasa gindin mangwaro, malaminsu yana kan dakali.

Ya ce, "Jami'ar garinmu ke nan. Daga nesa ake zuwa kallonta."

Sai na tuna firamarenmu ta ƙauye, inda muka shekara biyu muna karatu gindin darbejiya, abin da nake ɓoye wa 'yan birni.

Na ce, "Malam, su ma iska ce ta yaye musu kwano?"

Bai yi mini dariya ba. Ya ce, "Suna da ɗakuna. Inuwar suka zaɓa."

Yau ni ma malami ne, kuma in zafi ya tsananta nakan fitar da yara gindin bishiya. Amma har yanzu, da na hango baƙo tafe, sai in ji bakina yana shirin ba da haƙuri.